Tambayoyi da amsoshi kan maganin kansa na nano mai aikin enzayim, da hoton da ake bibiyarsa da shi

Assalamu alaikum jama'armu na Makka, Jidda, Madina da Riyad. Maganar "maganin nano" ta yi yawa a waya kwanan nan, kowa sai ya turo bidiyo wai an gano wani gari da ake allurarsa ya je ya ƙone kansa daga ciki, ba kimawi (wato kemo) ba tiyata. Toh ni aikina a sashen ashi'a yake, wajen ɗaukar hoton cikin jiki, kuma abin da ke damuna shine masu yaɗa labarin nan basa faɗin rabin da yafi muhimmanci: ta yaya aka san maganin ya isa inda aka tura shi, ta yaya aka san ya kama aiki, ragowar kuma ina ta tafi. Ga tambayoyin da ake yawan yi min, wasu a bakin masallaci wasu ta waya.

Malam wai meye enzayim ɗin nan tukunna?

Sinadari ne da jiki ke yi da kansa dan ya hanzarta wani aiki, shi kuma baya ƙarewa a cikin aikin, yana gama ɗaya ya kama wani. Idan kin taɓa zuba ruwan haidirojin feroksaid, wanda muke cewa haidirojin, a ciwo kika ga yana kumfa Hajiya, toh kin ga enzayim yana aiki da idonki, sunansa katalas, yana cikin jini, shi ke fasa haidirojin ɗin ya koma ruwa da iskar oksijin. Akwai wani kuma gulukos oksides, shi sukari yake ci ya fitar da haidirojin da asid, yana cikin zuma, kuma dashi ake yin da yawa daga cikin ɗan tsinken da masu ciwon suga ke ɗiga jini a kai. Ku riƙe sunayen biyun nan, zasu dawo.

Shi kuma nano fa?

Awo ne kawai. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000, su kuma ƙwayoyin da ake magana yawanci tsakanin 10 zuwa 200 suke. Hanya biyu ake bi. Ko dai a ɗauki enzayim na gaske a lulluɓe shi cikin ƙwayar nano dan kar jini ya lalata shi a hanya, ko kuma a ƙera ƙwayar da ita kanta take aikin enzayim, wannan ita ake cewa nanozayim. A 2007 ne masu bincike a Beijin ƙarƙashin Farfesa Yan Xiyun suka nuna cewa garin tsatsar ƙarfe mai maganaɗisu in an maida shi ƙanana sosai yana yin aikin enzayim ɗin feroksides, wani enzayim mai sarrafa haidirojin, abin da da ake ɗauka sai halitta mai rai ke iya yi. Daga nan aka dinga gwada zinare, manganis, jan ƙarfe, filatinam da sauransu. Amfaninsu sun fi enzayim na gaske jure zafi da ajiya kuma sun fi arha, amma basu kai shi iya zaɓen abin da zasu taɓa ba.

To ta yaya abu kamar tsatsa zai kashe ƙari?

Ƙari yana da halinsa daban da lafiyayyen nama, kuma halin nan ake so a juya masa. Tun shekarun 1920 Otto Warburg a Jamus ya lura ƙwayoyin kansa suna shan sukari fiye da kima. Muhallinsu yana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami, inda saukar lamba ke nufin ƙarin tsami, jini yana kan awo 7.4 amma kewayen ƙari yakan sauka wajen 6.5 zuwa 6.9, sannan tsakiyarsa oksijin baya isa sosai saboda jijiyoyinsa a hargitse suke.

Sai aka ce to bari a tura gulukos oksides ya cinye sukarin da ƙarin ke rayuwa dashi, ya bar masa haidirojin da ƙarin tsami, sai kuma ƙarfen da aka haɗo su tare ya fasa haidirojin ɗin ya zama wani sinadari mai tsananin ɓarna da ake kira haidiroksil wanda ke farfasa fatar ƙwayar da abin da ke cikinta. Wannan haɗuwar ƙarfe da haidirojin tsohon ilmi ne, Henry Fenton ya bayyana shi tun 1894, kuma yafi ci a wuri mai tsami, kunga dalilin da yasa ake sa ran zai fi aiki cikin ƙari akan cikin jini. A 2017 masu bincike a Shangai suka haɗa su biyun a ƙwaya ɗaya suka gwada a ɓeraye ƙarin ya ja baya. Wasu kuma ta wajen katalas suke bi, su samar da oksijin a tsakiyar ƙarin, saboda gashin ashi'a, wato ƙona ƙari da hasken na'ura mai ƙarfi, da ake yi wa majinyaci yafi kama ƙari mai oksijin, wanda ya rasa iska taurin kai gare shi.

Meye bambancin hoton da ake bibiyar maganin da shi da magta'iyya (CT) ko hoton ƙirji da muka saba?

Hoton ƙirji da magta'iyya siffa suke nunawa: ga ƙari nan, ga faɗinsa santimita kaza. Shi hoton sinadaran jiki aiki yake nunawa, wato me ƙwayoyin ke ci, akwai iska ko babu, tsami ya ƙaru ko ya ragu, maganin yana ina yanzu. Wanda kuka fi sani shine PET da ake yi a sashen tibbin nawawi, inda ake allurar wani sukari mai suna FDG da aka maƙala wa fulorin 18, wata alama mai fitar da ashi'a kaɗan da na'ura ke gani, duk inda ake haɗamar sukari sai wajen ya haska.

Me zai hana a jira kawai a ga ko ƙarin ya motse?

Saboda girma yana makara, kuma majinyacin kansa bashi da watannin ɓatawa. Ƙa'idar da asibitoci ke bi wajen awo tace sai faɗin ƙari ya ragu da kashi 30 cikin 100 ake cewa magani ya fara karɓa, wannan kuwa yakan ɗauki sati shida, takwas, ko fiye. An ga misalinsa ƙarara a wata kansar ciki da ake kira GIST lokacin da aka fara bada maganin imatinib: cikin 'yan kwanaki hasken PET ya dushe alhali ƙarin na nan da girmansa har tsawon makonni. Da girma kaɗai aka duba da an ce maganin bai yi ba.

Ga maganin enzayim kuma abin yafi haka tsanani, dan shi aikinsa ya dogara da abin da ya tarar a wajen. In ba haidirojin isasshe ƙarfen zai zauna ne kawai. In oksijin ya ƙare gulukos oksides zai tsaya cak dan shima da oksijin yake aiki. In ƙarin yana da gulutatayon da yawa, wato garkuwar da ƙwayoyi ke kare kansu da ita, sai ya shanye ɓarnar kafin ta yi tasiri. Mutum biyu masu ciwo iri ɗaya a ba su allura ɗaya, ɗaya ya amfana ɗaya ko gezau, kuma daga waje ba mai iya ganewa.

Ai in an yi allura a jijiya dole ta isa ko?

Nan ne nake so kowa ya natsu. Duk wanda ya taɓa tura kago daga Jidda zuwa Kano yasan miƙa kaya daban isar kaya daban, shi yasa kake ta kiran waya sai an ce maka ya sauka an buɗe an ga komai. A 2016 ƙungiyar Farfesa Warren Chan ta jami'ar Toronto a Kanada ta tattara binciken shekara goma da aka yi a dabbobi, suka tarar a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙwayoyin nano da aka yi allura ke isa ƙari. Ko kashi ɗaya bai cika ba. Mafi yawa hanta da saifa ne ke tsare su dan aikinsu kenan tace baƙon abu daga jini, ƙananan sosai kuma, ƙasa da nanomita 6 haka, ƙoda ke fitar dasu ta fitsari.

Dogaron da ake yi shine jijiyoyin ƙari suna yoyo sai ƙwayoyin su sulale ciki su maƙale, Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura na Japan suka bayyana haka a 1986. A ɓera yoyon nan yana da yawa. A mutum kuwa ba tabbas. An yi wani gwaji da aka wallafa a 2017 akan mata 19 masu kansar nono da ta bazu, aka maƙala alamar ashi'a ta jan ƙarfe 64 a jikin maganin nano aka bi shi da PET, sai ga shi abin da ya shiga wani ƙari ya ninka na wani sau 35. Wallahi wannan sakamakon shi kaɗai ya isa hujja cewa bada irin wannan magani ba tare da hoto ba harbi ne cikin duhu.

Ta yaya PET ke bin ƙwayar?

Ana ɗaura mata alama mai fitar da ashi'a kaɗan, sai a zaɓi alamar daidai da tsawon tafiyar. Fulorin 18 rabin ƙarfinsa ke tafiya duk minti 110, bai dace da ƙwayar da zata kwana tana yawo a jini ba. Jan ƙarfe 64 yana kai awa 12.7, zarkoniyam 89 kuma wajen awa 78, dashi ana iya ɗaukar hoto yau, jibi, har bayan kwana biyar ko shida a ga nawa ya taru a ƙari nawa a hanta. Kyawun PET shine lissafi yake bayarwa da lamba, kuma duk jiki yake gani daga kai har ƙafa. Akwai kuma wata allurar FMISO da ke taruwa inda oksijin yayi ƙaranci, da ita ake duba ko katalas ɗin da aka tura ya kawo iska da gaske.

MRI fa, ranin da ake shiga cikin rami yana ƙara?

Nan abin yafi burge ni gaskiya, saboda wani lokacin maganin da kansa shine sabgar hoton, wato rinin da ke fito da wurin a hoto. Ƙwayar tsatsar ƙarfe tana sa wurin da ta taru yayi duhu a MRI, ba sai an ƙara mata komai ba. Ta manganis kuma tafi wayo: muddin tana dunƙule bata haskawa sosai, amma da ta shiga ƙari ta haɗu da tsami da gulutatayon sai ta narke ta saki manganis ɗin, wurin yayi fari a hoto. Kunga wannan farin ba isowa kaɗai yake shaida ba, yana shaida cewa ƙwayar ta buɗe ta fara aiki, kuma a daidai lokacin tana cinye garkuwar ƙarin. MRI bashi da ashi'a mai ƙuna dan haka ana iya maimaita shi, sai dai baya jin abu kaɗan kamar PET, sai abin ya taru da ɗan yawa.

Na ji ana cewa har da haske da sauti?

Eh akwai. Ana haska lesa a nama, abin da ya sha hasken ya ɗan yi ɗumi ya fitar da sauti, na'ura irin ta sona ta kama. Jini mai oksijin da marar oksijin launinsu daban, saboda haka ana ganin iskar ƙari tana hawa ko sauka cikin mintuna. Akwai kuma rini mai ƙyalli da baya kunnuwa sai ya haɗu da haidirojin ko haidiroksil. Matsalarsu zurfi, haske baya wuce 'yan santimita a jiki, ga ɓera ya wadatar, ga hantar babban mutum bai kai ba.

Hoton zai iya ruɗin likita?

Sosai ma. Na'ura alamar take gani ba ƙwayar ba, in alamar ta ɓalle a hanya ita za'a dinga bi: jan ƙarfe in ya kuɓuce hanta yake nufa, zarkoniyam kuma ƙashi. FDG shima baya bambance kansa da kumburi, ciwon tibi ma yana haskawa, wurin da aka yi tiyata ko gashi kwanan nan yana haskawa, kuma magani mai ƙona ƙari dole ya tada kumburi. Shi yasa ake jinkirta PET wajen sati biyu bayan kimawi, wata biyu zuwa uku bayan gashi. Sannan ka duba wani rikicin, in maganin sukari yake ci, hoton kuma sukari yake aunawa, dushewar haske tana iya zama mutuwar ƙari tana iya zama wani abu daban. Dan haka mai bincike na ƙwarai baya tsayawa kan hoto ɗaya, yana haɗawa da tahalil na jini da ɗibar nama a duba.

Akwai haɗarin da ya shafe mu musamman?

Akwai guda biyu da nake so mutanenmu su sani. Na farko abin da Larabawa ke kira animiyar ful, ƙarancin enzayim ɗin G6PD, yana da yawa a nan Saudiyya yana kuma da yawa a Afirka ta Yamma musamman ga maza. Jan jinin mai wannan lalura baya iya kare kansa daga haidirojin, sai ya farfashe. Wannan ba hasashe bane, akwai maganin enzayim mai suna rasburikes da ake ba wasu masu kansar jini dan rage gishirin yurik, haidirojin yake fitarwa, kuma an hana ba mai ƙarancin G6PD shi kwata-kwata. To ku auna gulukos oksides ya zube cikin jini maimakon ƙari, ga sukari zai faɗi ga haidirojin yana yawo.

Na biyu 'yan uwanmu masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini, da yawansu ƙarfe ya riga ya taru musu a hanta, har da MRI ake auna shi. Ƙara musu ƙwayoyin ƙarfe ba ƙaramin abu bane. Duk wanda yasan yana da ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗa wa likitan kansa tun ranar farko, ko da kimawi na yau da kullum za'a bashi.

Ana bada shi a asibitocin nan?

A'a Alhaji. Nanozayim na kansa yana matakin bincike, galibinsa a kwanon gwaji da ɓeraye, baya cikin magungunan da ake rubuta wa majinyaci. Abin da ke akwai shine na'urorin hoton. Asibitin Sarki Faisal na Takhassusi a Riyad, wanda aka buɗe a 1975, yana da injin da ke ƙera sinadaran PET, kuma manyan cibiyoyin kansa na Jidda da Makka suna amfani da PET da MRI wajen bibiyar jinya. Binciken nano kuma ana yinsa a jami'ar KAUST da ke Suwal arewa da Jidda da jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad.

Kenan duk maganar enzayim da nano mafarki ce?

Ko kaɗan. Asfarajines enzayim ne, shekaru da dama ana ba yara masu kansar jini shi, yana cinye wani abinci da ƙwayoyin kansar basa iya yi wa kansu, kuma yana cikin dalilan da suka sa yawancin yaran nan ke warkewa yanzu inda ake da cikakkiyar jinya. Doxil maganin nano ne da Amurka ta amince dashi tun 1995, Abraxane a 2005. Akwai ferumoksitol, ƙwayar tsatsar ƙarfe da aka amince da ita a 2009 dan ƙarancin jini na masu ciwon ƙoda, likitoci suna aronta suyi MRI da ita, kuma a 2016 masu bincike a jami'ar Stanford suka ga tana rage saurin girman ƙari a ɓeraye. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya bi layin gwaji shekara da shekaru kafin ya shiga jijiyar mutum.

Wani yana sayar da ruwan nano na zinare yace yana maganin saratan, wato kansa, in saya wa Inna?

Dan Allah kar ki saya, kuma kar Inna ta fasa mau'idinta na kimawi saboda shi. Ki tambayi mai sayarwar lambar rajistarsa a hukumar abinci da magani ta Saudiyya, ki tambaye shi a wane asibiti aka bi maganin da hoto aka ga ya isa ƙari. Waɗanda suka ƙera ƙwayar a ɗakin bincike suka zuba ta kai tsaye a jijiya suna fama da kashi 0.7, ina ga abin da aka kurɓa ya bi ta ciki da hanji. Abin da yafi ci min rai shine mutanenmu marasa igama ko ta'amin, wato takardar zama ko inshorar lafiya, su aka fi yi wa wannan tallar saboda an san tsoron zuwa mustashfa suke, sai riyal ɗin da aka tara da guminsu ya tafi, ƙarin da za'a iya cirewa da tiyata kuma ya bazu kafin a farga.

An bani mau'idin PET, me zan yi?

Kar ka ci komai awa shida kafin lokacin, ruwa zalla kawai, ba shayi ba gahawa da dabino ba cingam, ruwan kuma ka sha da kyau. Kwana ɗaya kafin nan ka huta, kar kace bari inyi Umra in roƙi sauƙi daren hoton, ɗawafi da sa'ayi suna sa tsokar ƙafa ta zuƙe sukarin hoton ya rikice, kayi Umrarka kwana biyu uku kafin ko bayan. Mai ciwon suga ya kira sashen tun da wuri su tsara masa maganinsa, dan in suga ya haura wajen 200 sukan ɗage hoton. Bayan allura zaka kwanta shiru kamar awa ɗaya a ɗaki mai ɗumi, ba hira ba danna waya. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin allura. In MRI ne a cire zinare da fil na mayafi, a wanke kwalli in hoton kai ne dan wani kwallin akwai ƙarfe a ciki, mai batirin zuciya ko ciwon ƙoda ya sanar.

Bayan hoton zan iya ɗaukar jikoki?

Ki bari sai bayan wasu awanni Hajiya, zuwa dare ko washegari, haka kusantar mai ciki. Ki yawaita shan ruwa da fitsari, abin da kansa yake ƙarewa. Kafin ki bar asibitin kuma ki karɓi tagrir ɗin, wato rubutaccen sakamakon, da faifan hoton gaba ɗaya, musamman in zaki koma Kano, Damagaram ko Madani ki ci gaba da jinya, saboda likitan can yana buƙatar hoton farko ya ɗora na biyu a kai, kuma in hali yayi a maimaita na biyun a na'urar da aka yi na farkon, lambobin sun fi daidaituwa.